Muhawara: Shin gajarta wasanni ya zubar da darajar gasar UK Championship?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar sunuka (snooker), wasan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur. Maganar da nake so mu tattauna ita ce wadda na daɗe ina faɗa, wato gasar UK Championship ta daina zama ta biyu a daraja bayan gasar duniya tun daga shekarar 2011, lokacin da aka rage tsawon wasanninta. Kafin wannan shekara, sai ɗan wasa ya ci zubi tara kafin ya tsallake zagaye, kuma akan raba wasan gida biyu, a buga wani sashe da rana a dawo a ƙarasa da dare ko washegari. Daga 2011 aka mayar da shi zubi shida a zama ɗaya, sa'an nan a 2014 aka haɗa har da wasan kusa da na ƙarshe. Ga wanda bai saba da kalmar ba, zubi shi ne duk lokacin da aka jera ƙwallaye a kan tebur aka buga har aka sami wanda ya ci. A ganina, abin da ya bambanta wannan gasa da sauran shi ne tsawon, kuma da aka cire shi sai suna kawai ya rage.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Isiyaku ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, kuma hujjata guda ce, wasan ƙarshe na 1983 a zauren Guild Hall da ke Preston. Steve Davis ya ci zubi bakwai na farko a jere, Alex Higgins bai ci ko ɗaya ba, har aka tashi daga zaman farko a haka. Amma da yake a wancan zamani sai mutum ya kai zubi 16 kafin ya ɗauki kofi, Higgins ya sami sararin hutawa ya dawo da hankalinsa, ya yi ta cin zubi ɗaya bayan ɗaya har ya yi nasara da 16 da 15. Na kalli tsohon faifan wasan fiye da sau ɗaya, kuma abin da ke burge ni shi ne yadda fuskar Davis, wanda ba a cika gane abin da ke ransa ba, take sauyawa a hankali yayin da ratar ke raguwa. Da a ce dokar zubi shida ake bi, da an naɗe tabarmar wasan tun kafin 'yan kallo su gyara zama.

Nura: Ranka ya daɗe Alhaji, ina neman afuwa, amma misalin nan naka yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, wasan ƙarshe ne ka kawo, alhali ba a 2011 aka gajarta wasan ƙarshe ba. Tun a 1993 aka rage shi daga zubi 16 zuwa zubi goma, kuma a wannan shekarar ce Ronnie O'Sullivan ya doke Stephen Hendry da 10 da 6 yana ɗan shekara 17, saura mako guda ya cika 18, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa lashe gasar da ake ƙirga ta a jadawalin matsayi. Ban taɓa jin wanda ya ce wannan nasara ba ta da daraja don wasan ya gajarta ba. Na biyu, a 1983 gasar ba ta ma shiga cikin masu ba da makin matsayi ba. Tun da aka fara ta a 1977 a Blackpool, inda Patsy Fagan ya doke Doug Mountjoy da 12 da 9 ya karɓi fam 2,000, ƙofarta a rufe take ga duk wanda ba mazaunin Birtaniya ba ne ko mai riƙe da fasfonta. Sai a 1984 aka buɗe ta ga kowa aka fara ƙirga makinta. Ke nan wasan da ake yi mana kwatance da shi an buga shi ne a lokacin da gasar take ta 'yan gida.

Alhaji Garba: Ɗana Nura, na karɓi gyaranka a kan shekarun, domin gaskiya ka faɗa. Sai dai ragin 1993 ma ban goyi bayansa ba, kuma kasancewar an yi kuskure sau ɗaya ba ya wanke na biyu. Ka dubi 1988, lokacin da Mountjoy, yana da shekara 46 kuma mutane sun riga sun cire rai da shi, ya doke Hendry matashi da 16 da 12, shekara goma cif bayan ya fara ɗaukar kofin. Ka dubi 1990, Hendry da Davis, 16 da 15. Irin waɗannan wasanni ne suka gina sunan da gasar take ci har yau.

Malama Hadiza: Ina ganin hanyar da ta fi dacewa a auna maganar Malam Isiyaku ita ce a duba waɗanda suka riƙa lashe gasar bayan an gajarta ta, domin idan gajeren wasa yana ba sa'a dama fiye da gwaninta, ya kamata mu ga baƙin sunaye sun cika jerin. Ga abin da ya faru: Judd Trump a 2011, Mark Selby a 2012 da 2016, Neil Robertson a 2013 da 2015 da 2020, O'Sullivan a 2014 da 2017 da 2018 da 2023, Ding Junhui a 2019, Mark Allen a 2022, sai Trump kuma a 2024. Wanda kaɗai za a iya cewa ya zo da ba-zata shi ne Zhao Xintong a 2021, shi ma ga shi ya lashe gasar duniya a 2025 a zauren Crucible, inda wasan ƙarshe yake kai zubi 18. To ina sa'ar take? Haka kuma gasar Masters, wadda ita da gasar duniya da UK Championship su ne manyan gasa ukun da ake kira Triple Crown, da zubi shida ake buga zagayenta na farko, kuma babu mai raina ta saboda haka.

Malam Isiyaku: Malama, jerin da kika kawo hujja ce mai ƙarfi, ba zan musa ba. Amma Masters ta 'yan wasa 16 ce kawai da aka gayyata, ba ta ba da makin matsayi, kuma darajarta tana cikin wahalar samun shiga. UK Championship kuwa darajarta tana cikin juriya. Wasan da ake raba shi zama biyu yana gwada abin da gajeren wasa ba ya gwadawa, wato yadda mutum zai tashi daga tebur ana binsa bashin zubi huɗu ko biyar, ya tafi masauki ya ci abinci da wannan nauyi a zuciyarsa, sa'an nan ya dawo ya ɗauki sanda hannunsa bai yi rawa ba. Su kansu 'yan wasan sun yi ƙorafi. A 2011 Mark Allen ya fito fili ya soki Barry Hearn, wanda ke jan ragamar harkar a lokacin, a kan wannan sauyi.

Nura: Shi Allen ɗin ai ya kai wasan ƙarshe a wannan shekarar da ya yi ƙorafin, Trump ya doke shi da 10 da 8. Kuma a 2022 shi ne Ding ya yi wa rata da 6 da 1 a wasan ƙarshe, ya farfaɗo ya ci 10 da 7. Ashe dai irin dawowar da Alhaji yake kewa ba ta mutu ba.

Injiniya Bala: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi taɓa matsayin wannan gasa a yau kuɗi ne. Tun kakar 2014 zuwa 2015 aka koma lissafin matsayin 'yan wasa da yawan kuɗin da suka ci cikin shekara biyu, don haka nauyin kowace gasa a jadawali daidai yake da abin da take biya. A 2024 wanda ya lashe UK Championship fam 250,000 ya samu, alhali sabuwar gasar da aka fara a Riyad ta Saudiyya a wannan shekarar ta ba zakaranta fam 500,000, daidai da gasar duniya. Trump ne ya ci duka biyun, kuma a kan takarda ta Riyad ta ninka ta York, garin da aka buga UK Championship. Idan ana maganar ta biyu a jadawali, to an riga an ƙwace mata wannan kujera, kuma ko da an dawo da zubi tara gobe ba za ta sake hawa ba sai an ƙara kuɗi.

Malama Hadiza: Injiniya, wannan gaskiya ne a lissafi, amma ai tsohuwar zuma ake magani da ita. Idan ana ƙirga manyan kofunan ɗan wasa, ana cewa O'Sullivan yana da UK takwas, Davis shida, Hendry biyar, kuma tazarar shekara 30 da ke tsakanin kofin O'Sullivan na farko da na takwas, wanda ya ci saura kwana biyu ya cika 48, abu ne da sabuwar gasa ba za ta iya saya ba. A wannan gasa ta UK ce kuma Ding, yana ɗan shekara 18, ya doke Davis da 10 da 6 a 2005, ya zama na farko daga wajen Birtaniya da Ailan da ya ɗauki kofin. Inda nake tare da Malam Isiyaku shi ne tsarin 2013, lokacin da aka zuba 'yan wasa 128 gaba ɗaya tun daga zagayen farko, aka cika wuri da tebura har gasar ta yi kama da kowace. Masu shiryawa da kansu sun janye daga wannan a 2022, suka koma ajiye manya 16 suna jiran wasu 16 da suka fito daga wasannin share fage.

Malam Isiyaku: To ai kin ba ni makami, Malama. Idan har sun yarda tsarin 128 kuskure ne suka gyara bayan shekara tara, babu abin da zai hana su gyara na zubi shida. Yanzu da 'yan wasa 32 ne kawai suke zuwa zauren Barbican na York, uzurin ƙarancin lokaci ya ragu ƙwarai. Na sassauta daga cewa suna kawai ya rage, domin jerin zakarun da kika kawo ya fi ƙarfin wannan furuci. Abin da ban sauka daga kansa ba shi ne wasan kusa da na ƙarshe. Bai dace a ce gasa mai wannan tarihi tana tantance masu zuwa wasan ƙarshe da zubi shida a zama ɗaya ba, alhali har zuwa 2013 zubi tara ake yi.

Alhaji Garba: A kan wasan kusa da na ƙarshe ina bayanka, Malam. Nura, kai da ka fi mu riƙe shekaru, sai ka faɗa mana ko kana da ja a kan wannan ma.

Nura: Ba ni da ja a kan wannan, Alhaji, muddin za a bar zagayen farko yadda suke. Wanda ya taso daga aiki ya zauna kallo da dare yana so ya ga wanda ya ci kafin ya kwanta, kuma masu watsa gasar a talabijin da irin waɗannan 'yan kallo suke lissafi. A ba mu zubi tara ranar Asabar, a bar mana shida daga farkon mako.