Idon zakara ya hau katangar gidanmu, in bar shi ko in cire?

Uwargida, Aboabo (Kumasi, Ghana): Assalamu alaikum. Tun farkon damina wani tsiro ya fito a gindin katangarmu, ya yi yaɗo har ya naɗe igiyar shanya. Yanzu kwasfarsa ta bushe ta tsage, sai ga 'ya'ya jajaye masu ɗigon baƙi, kuma surukata ta tabbatar mini idon zakara ne. Na so in yi masa rumfa saboda kyansa, amma jiya na tarar da jikata mai shekara uku ta cika murfin kwalba da 'ya'yan tana wasan girki. Shin da gaske dafi ne?

Malamin kimiyya, Tafo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da gaske ne. A cikin ƙwayar akwai guba mai suna abrin, wadda take hana ƙwayoyin halittar jiki haɗa furotin, kuma har yau ba ta da makari. Ɓawon yana da tauri, don haka ƙwayar da aka haɗiye ɗungum takan fita yadda ta shiga, amma idan yaro ya tauna ko da guda ɗaya ce, ransa yana cikin haɗari. Abin da yake ruɗar iyaye shi ne amai da gudawa mai jini ba sa zuwa nan take, suna iya jinkiri har kwana ɗaya zuwa uku. Idan kina zargin jikarki ta tauna, ki kai ta asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi yau, tare da sauran ƙwayoyin domin likita ya gani.

Dattijo, Asawase: Mu dai mun tashi da shi a bayan gida, muna tauna ganyensa saboda zaƙi. Asantawa ma da 'ya'yansa suke awon garin zinariya a da, don kusan nauyinsu ɗaya. A ganina a riƙa tsinke kwasfar tun tana ɗanya, a bar shukar.

Mai lambu, Sawaba: Baba, da girmamawa, wannan dabara ba ta tsira a gidan da yara suke, domin kwasfa ɗaya da ta ɓuya a saman katanga ta isa ta zubo. Hajiya, ki sa safar hannu, ki tone shi har saiwa, don idan aka sare shi kawai yakan sake tohowa. Ki share ƙasar wurin da kyau, sannan ki riƙa duba gindin katangar idan ruwan Satumba ya sauka, saboda ƙwayoyin da suka nutse a ƙasa za su tsiro.