Wace kalma za mu ba "baseball card" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina fassara wani labari ne na kasuwar kayan tarihi a Amurka, sai na cije a kan kalma ɗaya. Wani ɗan guntun kwali mai hoton Mickey Mantle, ɗan wasan besbol (ƙwallon da ake bugawa da sanda) na ƙungiyar New York Yankees, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, aka sayar da shi dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Turawa suna ce wa irin kwalin "baseball card". Mu kuma fa?

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa riƙewa ba. Bai kai tafin hannu ba, galibi inci biyu da rabi ne a faɗi, uku da rabi a tsawo. Gaba hoton ɗan wasa da sunan ƙungiyarsa, baya kuma garinsu da ranar haihuwarsa da lissafin abin da ya yi kaka bayan kaka. Da farko a cikin kwalin sigari ake saka shi, irin na Honus Wagner da ya fito tsakanin 1909 da 1911. Daga baya ya koma cikin ƙunshin cingam, yara suka mayar da shi abin musaya, har suna maƙala shi a sifokin keke don ya riƙa ƙara.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "katin ɗan wasa". Na rubuta, na karanta a bayyane, na goge. Duk Bahaushen da ke bin ƙwallo, ka ce masa an sayar da katin ɗan wasa, alƙalin wasa zai fara hangowa, ya tambaye ka ja ne ko na gargaɗi.

Wani ya ce a bar shi "katin besbol" a huta. Ba laifi a kanun labari. Sai dai kati ya yi mana yawa, na waya, na asibiti, na zaɓe, ga kuma karta a gefe. Mai karatu zai iya ɗauka tikitin shiga fili ne, ko wata caca. Wata 'yar uwa ta kawo "sitika". Yaya, sitika liƙa ta ake yi, wannan kuwa ranar da ka liƙa shi ka kashe kuɗinsa, don ko lanƙwasar kusurwa ɗaya tana rage makin da masu tantancewa ke ba shi daga 1 zuwa 10.

Malamina ya ba da "katin gwani", kuma a nan na fi daɗewa. Malam, a gafarce ni, zan yi musu.

Wani abokina ya yi karatu a Pittsburgh, ya zauna a gidan wani dattijo mai goyon bayan Pirates, ƙungiyar besbol ta garin. Yana ba ni labarin kwalin takalmin da tsohon ke fitowa da shi daga ƙarƙashin gado, katunan ɗaure da roba har robar ta ci gefensu. Akwai Roberto Clemente, mai lamba 21, wanda ya rasu a haɗarin jirgi ranar 31 ga Disambar 1972 yana kai agaji ga mutanen Nikaragua bayan girgizar ƙasa. Akwai Manny Sanguillén, abokinsa ɗan Panama, da ya riƙa nutso cikin teku yana neman gawarsa. Akwai Willie Stargell na kofin zakarun besbol na 1979, wanda tun daga shi Pirates ba su sake ɗaga kofin ba. Waɗannan duk gwanaye ne, na yarda.

To amma katin da tsohon ya fi daɗewa a kai yana dariya na Mario Mendoza ne, ɗan Meziko, wanda ya yi wa Pirates wasa daga 1974 zuwa 1978. Ya iya tare ƙwallo, amma wajen bugu sai a hankali, in ya fito sau goma da ƙyar ya dace sau biyu. Har yau in bugun ɗan wasa ya yi ƙasa da haka, cewa ake ya faɗi ƙasa da layin Mendoza. Shi ma yana da kati, kuma lissafin bugun nasa na nan a bayan katin, ba a ɓoye ba. Yawancin abin da ke cikin irin wannan kwali na masu kama da shi ne, mutanen da suka yi kaka uku ko huɗu suka tafi, sai mai son ƙungiyar kaɗai ke tuna su. Yaya za a ce da wannan katin gwani?

Da wannan hujjar na ajiye wata kalmar ma, "katin kirari", duk da ta fi kowacce daɗi a kunne. Maroƙi ba ya faɗin ranar da ka sha kaye.

Abin da na tsaya a kai shi ne "katin tarihin ɗan wasa" a ambaton farko, sannan "katin tarihi" daga nan zuwa ƙarshen labari. Ya ɗauki Mantle, ya ɗauki Mendoza, kuma in gobe na 'yan ƙwallon kwando ko na ƙafa aka sayar, ba sai mun sake zama ba. Mai wannan sha'awa kuma "mai tara katin tarihi".

Na samu ƙari ɗaya a hanya. Katin farko da ake buga wa ɗan wasa, wanda suke ce wa "rookie card" kuma galibi ya fi tsada, na sa masa "katin fari", kamar ɗan fari. Wani ya ce za a ɗauka launi ne. A'a ɗan uwa, da launi ne "farin kati" za mu ce.

Ƙarfe huɗu zan miƙa fassarar. Malam, in kana da abin da ya fi wannan, ina jira kafin la'asar.