Georgetown ta 'yan Katolika ce, Baba ya ce a fara bincikawa

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta gama ABU bara, yanzu Allah ya ba ta gurbin digiri na biyu a Georgetown da ke birnin Washington har da tallafi, to da Baba ya ji makarantar 'yan Katolika ce sai jikinsa ya yi sanyi, wai kar a je a hana yarinya sallah ko a tilasta mata shiga coci. Don Allah wanda ya san wurin ya taimaka, jiya ko tuwo ba ta ci ba.

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam. E ta Katolika ce kam, Bishop John Carroll ne ya kafa ta a 1789, ita ce mafi daɗewa cikin jami'o'insu a Amurka. Amma ba mai tilasta wa ɗalibi ibadarsu, tun 1999 suka ɗauki limami na dindindin, Imam Yahya Hendi, kuma suna da reshe a Doha tun 2005.

Maman Hanif:
Ɗan uwa ka kwantar wa Baba da hankali, ni na taka wurin da ƙafata. A kan tudu take tana kallon kogin Potomac, kana shiga ƙofa Healy Hall zai tare ka, ginin dutse mai doguwar hasumiyar agogo. Za ta ga gicciye a bangon azuzuwa, wannan ku faɗa masa tun yanzu kar ya ji daga baya, amma wallahi abin da ya taɓa zuciyata masallacinsu ne da aka ƙaddamar a 2023, an sa masa sunan Yarrow Mamout, Bafulatani ne Musulmi da aka kai bauta a 1752, ya samu 'yanci ya zauna a unguwar da jami'ar take riƙe da addininsa har ya rasu. Da na yi alwala a nan sai da na yi hawaye.

Ɗan Tudun Wada:
Tunda an taɓo bauta a faɗi duka, a 1838 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit masu tafiyar da jami'ar sun sayar da bayi 272 don biyan bashin makarantar. Sun nemi gafarar zuriyarsu a 2017.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba bayan magariba, ya yi shiru can ya ce in tambayi Maman Hanif ko akwai ɓangaren mata a masallacin, kuma ta turo hoto.