Idan ɗan sandan New York ya ci zarafin mutum, ina ake kai ƙara?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Cikin mutanenmu na Bronx da Harlem, direbobin tasi da masu kai abinci a kan keke su suka fi gamuwa da 'yan sanda. Idan aka tare mutum aka caje shi ba dalili, ko aka zage shi, ina zai kai kukansa? Ana ta ambaton CCRB, hukumar da ke binciken ƙorafin jama'a kan 'yan sandan birnin. Farar hula ne da gaske, ko 'yan sandan ne ke binciken kansu?

Malam Na Webster:
Wa alaikumus salam. Farar hula ne tun 1993, zamanin magajin gari David Dinkins. Mambobin hukumar 15 ne: magajin gari na naɗa biyar, majalisar birni biyar, kwamishinan 'yan sanda na zaɓo uku, mai kare muradun jama'a ɗaya, shugaba kuma magajin gari da kakakin majalisa ke naɗa shi tare. Masu bincikenta ba 'yan sanda ba ne.

Huruminta ya shafi amfani da ƙarfi fiye da kima, wuce gona da iri kamar caje ko shiga gida ba bisa ƙa'ida ba, rashin ladabi, da zagin da ya taɓa launin fata, addini ko asali. Daga baya an ƙara mata binciken ƙaryar da jami'i ya yi wa masu bincike, da tare mutum don launinsa kawai. Cin hanci kuwa sashen binciken cikin gida na NYPD, wato rundunar 'yan sandan New York, ake tura wa. Ana kai wa CCRB ƙara ta kiran 311, ta shafinta na intanet, ko a ofishinta da ke 100 Church Street. Ba a tambayar takardun zama, kuma ana samar da tafinta.

Hajiya Mai Shago:
Malam ya faɗi tsari, bari in faɗi inda ƙara ke mutuwa. Doka ta ba da wata 18 daga ranar da abin ya faru kafin damar ladabtar da jami'i ta wuce, kuma bincike yakan cinye mafi yawan wannan lokaci. Wanda ya jira wata shida kafin ya kai ƙara ya ragewa kansa dama.

A ranar, rubuta lokaci, mahaɗar titi, lambar motar sintiri da lambar bajon jami'in. Tun Oktoban 2018 doka ta wajabta masa ba da kati mai sunansa da muƙaminsa a yawancin tarewa da caje, don haka a nema. A ɗauki hoton rauni, a je asibiti a karɓi takarda. Bidiyon kyamarar shagunan unguwa yakan goge kansa cikin 'yan kwanaki, sai a roƙi mai shago ya ajiye tun da wuri. Na kyamarar jikin ɗan sanda hukumar ce ke nema daga NYPD, kuma jiran sa kan ja lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu ba sa zuwa ba da bayani idan mai bincike ya kira, saboda aiki ko tsoro. Idan ba a same ka ba, rufe fayil ake yi. Amma wanda ke da tuhuma a kotu kan wannan lamari, kada ya yi magana sai da shawarar lauyansa.

Ɗan Zango:
Na gode Hajiya. To idan sun tabbatar da laifi, su ke korarsa?

Malam Na Webster:
A'a, nan ne raunin tsarin. Shawarar hukunci kawai suke bayarwa, kwamishina ke da maganar ƙarshe, kuma yana iya sassautawa. A manyan laifuka lauyoyin CCRB ke gurfanar da jami'i, amma a kotun ladabtarwa ta NYPD. Ta wannan hanya aka kori ɗan sanda Daniel Pantaleo a Agustan 2019, shekara biyar bayan mutuwar Eric Garner, mutumin da ya shaƙe wa wuya yayin kamu. Duk da haka ƙara ba ta tashi a banza ba: tun da aka soke sashe na 50-a, dokar da ke ɓoye tarihin ladabtar da 'yan sanda, a 2020, kowa na iya duba tarihin ƙorafin jami'i a shafin hukumar.

Diyya hanyarta daban ce. Dole a shigar da sanarwar neman diyya a ofishin kwanturolan birni, mai kula da kuɗin birnin, cikin kwana 90, kuma ƙarar CCRB ba ta tsayar da wannan wa'adi.