Kason daƙiƙa: Hausar da nake ganin ta dace da bitiret

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kalmar da muke nema wa Hausa a wannan zaren ita ce bitiret, wato lambar nan da ake gani a jikin fayil ɗin waƙa ko na karatu, kamar 320 ko 128 ko 64, da haruffan kbps a bayanta, ma'ana kilobit a kowace daƙiƙa. Maganar ta taso ne daga masu ajiye waƙoƙi da karatuttuka a tsohuwar kwamfuta a gida, su mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke tura fayiloli ga wasu na'urori ta intanet, su ɗora mata manhaja irin Jellyfin ko Navidrome, sannan su riƙa sauraro ta waya daga duk inda suke, ko a shago a Ƙofar Ƙaura ko a cikin mota kan hanyar Mashi zuwa Daura. Wanda duk ya taɓa wannan aiki ya san lambar nan ce ke yanke hukunci a kan datar da zai ƙona, da ko sautin zai iso sumul ko zai riƙa yankewa inda sabis ya yi rauni, da abin da zai saura na daɗin kiɗan. Abin da ke da wannan matsayi bai kamata ya zauna babu suna a bakinmu ba.

Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san shi. A faifan CD ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin data), kuma ana yin haka ga kunnen dama da na hagu. Idan aka haɗa lissafin, kowace daƙiƙa ɗaya ta waƙa tana cin kilobit 1,411, wato kimanin megabait 635 a awa guda. Intanet ɗin gida, wanda galibi ƙarfin turawarsa bai kai na saukewarsa ba, ba zai jure wannan kullum ba, datar waya ma haka. Shi ya sa ake matse sautin. A kan 128, awa guda tana komawa kusan megabait 58, a kan 64 kuwa kusan 29. Ashe lambar ba komai take faɗa ba illa yawan bit ɗin da aka ware wa kowace daƙiƙa ta sauti.

Shawarar farko da aka kawo ita ce saurin sauti, wasu suka ce gudun sauti. Ban amince da ita ba, domin mai jin ta zai zaci waƙar da ke kan 320 ta fi wadda ke kan 64 saurin kaɗawa, alhali waƙar minti uku minti ukunta za ta yi ko a kan wace lamba aka ajiye ta. Nauyin waƙa ma, da wani ɗan uwa ya kawo, yana da wurinsa amma ba nan ba. Nauyi girman fayil ne gaba ɗaya, kuma tsawo yana shiga cikinsa: waƙar minti uku a kan 320 ba ta wuce megabait 7 da ɗoriya ba, amma tafsirin awa guda a kan 64 ya ninka ta sau huɗu.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce ingancin sauti, kuma ita ce na fi jin tsoro, domin tana kama da gaskiya. Lalle idan aka ɗauki hanyar matsi guda, ƙara lambar yakan ƙara inganci. Amma hanyoyin matsi ba ɗaya ba ne. MP3, wanda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka yi jagoran samar da shi, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a 1993, yana aiki ne da sanin halin kunnen ɗan Adam: ƙara mai ƙarfi takan danne siririyar ƙarar da ke kusa da ita, don haka sai a zubar da wadda aka danne ɗin tunda kunne ba zai neme ta ba. Wannan dabara tana tafiya daidai muddin akwai bit isassu. Da zarar an sauko da MP3 zuwa 64, sai a fara jin ɓarnar. Kaifin caki da amon kuge su ne ke fara dushewa, su koma kamar ana kaɗa su a cikin ruwa, bugun kalangu kuma, wanda ya kamata ya faɗo tsaf, sai ya zo da wata 'yar shasshaka a gabansa. Opus kuwa, wanda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta tabbatar a 2012 daga haɗin fasahar SILK ta Skype da CELT ta gidauniyar Xiph, an gina shi ne don irin wannan ƙunci, yana aiki daga kilobit 6 har zuwa 510, kuma shi ne ke ɗauke da saƙon murya na WhatsApp da muke aika wa juna kullum. A kan 64 ɗin nan da MP3 ke kasawa, Opus yana fitar da kiɗan da yawancin kunnuwa za su karɓa. Lamba ɗaya, inganci biyu. Haka nan tsohon kaset da aka naɗa a wurin biki, da iskarsa da hayaniyarsa, ko an ajiye shi a kan 320 ba zai zama sabo ba. Idan muka kira lambar inganci, mun koya wa mutane kuskuren da zai sa su riƙa ƙona data a banza.

Abin da nake gabatarwa shi ne kason daƙiƙa. Kaso daga kasawa yake, kamar yadda mai tumatir a kasuwa ke kasa kayansa kashi-kashi a kan buhu, kowane kashi da gwargwadonsa. Aikin da manhajar matsi ke yi ke nan: tana da bit ƙididdigaggu, tana kasa su ga daƙiƙoƙin waƙar. Na yi tunanin rabon daƙiƙa, amma rabo a kunnen Bahaushe yana jan hankali zuwa ga sa'a da abin da Allah ya ƙaddara, alhali wannan abu ne da mutum ke zaɓa da hannunsa a cikin saitin sabarsa.

Wani malaminmu a Daura ya kawo gyara biyu masu nauyi. Na farko, ya ce daƙiƙa a Larabci minti ce, kuma har yanzu akwai masu amfani da ita a haka, musamman cikin almajiran ilimi. Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ne, amma a Hausar jarida da rediyo ta yau daƙiƙa ta fi zama a kan sakan, kuma wanda ya ji shakka ya ce kason sakan, ma'anar ba ta canza ba. Na biyu, ya ce kaso yana tuna wa mutum gidan kaso, yana kuma tuna masa kaso kaza cikin ɗari. Kason kurkuku ba ya zuwa sai da gida a gabansa. Na lissafi kuwa taimako yake yi mana, domin ya riga ya saba wa mutane da jin kaso tare da lamba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da kalmar shi ne tana haihuwa. Akwai matsin da ke ba kowace daƙiƙa bit iri ɗaya, ko shiru ne ko amshi ne da ganguna. Wannan kaso tsayayye ke nan. Akwai kuma wanda ke rage wa wurin shiru ya ƙara wa wurin da kiɗa ya cakuɗe. Wannan kaso mai sauyawa ne, kuma shi ya fi amfani ga mai neman tattali. Saurin sauti ko ingancin sauti ba za su iya ɗaukar wannan bambanci ba tare da an yi doguwar magana ba. Sannan ana iya cewa ƙaramin kaso da babban kaso, a ce rage kaso ko ƙara kaso, duk ba tare da harshe ya yi tuntuɓe ba.

Ga yadda za ta zauna a cikin bayani na gaske. Ka ajiye asalin waƙoƙinka a FLAC, wanda ya fito a 2001, domin shi yana rage girman fayil zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Ka bar sabar ta riƙa matse su da manhajar ffmpeg a lokacin da waya ta nema, da Opus a kan kason daƙiƙa 64 zuwa 96 idan kiɗa ne. Idan karatu ne ko wa'azi, muryar mutum ɗaya, kaso 24 zuwa 32 ya wadatar, kuma kada ka raba shi ga kunne biyu tunda naɗin layi ɗaya ne. Abin da ya riga ya zo maka a MP3 mai ƙaramin kaso kuwa, ka tura shi yadda yake, domin sake matse matsattse yana tara ɓarna a kan ɓarna, kuma ɗaga kasonsa ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar.

Daga yau da kason daƙiƙa zan riƙa rubutu, ina kuma roƙon masu koyar da kwamfuta a Katsina da Daura su gwada ta a aji, su gaya mana yadda ɗalibai suka karɓe ta.