Wai dole ne sai an gane yadda cuta ke aiki kafin a haɗa mata magani?

Ɗalibin_Famasi:
Salam 'yan uwa, don Allah masana ku warware min. Naji ana cewa sai an gano takamaimai abinda ya lalace a jiki kafin a ƙirƙiro magani, ni kuma a zatona sinadarai ake ta gwadawa har Allah yasa a dace. Wanne ne gaskiya?

Anti_Nas:
Wslm ƙanina. Duba olsa kawai. Shekara da shekaru ana cewa damuwa ce da yawan asid, a baka maganin rage asid ciwo ya lafa, kana dainawa ya dawo. Sai a 1982 Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya suka gano ƙwayar cuta mai suna H. pylori a cikin masu ciwon, aka ƙi yarda dasu, shi Marshall ɗin ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa ya kwanta ciwo, wlh mutumin nan da ƙarfin hali yake. Yanzu antibayotik ake haɗawa da maganin asid ɗin, kamar sati biyu, mafi yawa su rabu da ita.

Likitan_Jini:
Haka ne Anti. Ni wanda yafi burgeni shine kansar jini ta CML. Tun 1960 aka hango wani guntun kromosom (zaren dake ɗauke da ƙwayoyin halitta) a masu ita, daga baya aka gane na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure, hakan ya haifar da furotin BCR-ABL dake sa fararen ƙwayoyin jini suyi ta hayayyafa ba birki. Maganin imatinib wannan furotin ɗin aka auna dashi, Amurka ta amince dashi a 2001, cutar da take kisa cikin 'yan shekaru ta koma ta shan ƙwaya kullum.

Mai_Gardama:
To amma likita aspirin fa? Tun 1899 ake saidashi, sai 1971 John Vane ya gano yadda yake aiki. Sannan sikila tun 1956 an san amino asid (tubalin ginin furotin) ɗaya tak ne ya sauya a haimoglobin, furotin ɗin dake ɗaukar iskar oksijin a jini, amma maganin gyaran ƙwayar halitta sai 2023 ya fito, kuɗinsa kuma ba'a magana.

Likitan_Jini:
Ban musa ba, dace yana nan. Amma sanin aikin aspirin ne ya bayyana dalilin da yasa yake hana jini daskarewa da kuma yadda yake cin ciki, shiyasa ba kowa muke ɗorawa akai ba. Sikila kuwa an san inda ɓarnar take, kayan aikin gyaran ƙwayar halitta cikin sauƙi ne babu sai da CRISPR, wata hanyar yanka ƙwayar halitta a gyara, tazo a 2012.