Wayata ta faɗi a Adaidaita Sahu

Baban Ilham: Jama'a, hunturun bana ya ja min asara. Da sassafe na nufi shago a Kantin Kwari, kunnuwa cikin hular sanyi, hannuwa sun ƙage, ko faɗuwar wayar ban ji ba. Sai da na sauka na laluba aljihu, wayam. Lambobin masu bashina duk suna ciki. Ya zan yi?

Maman Sadik: Allah ya mayar da alheri. Fara rufe asusun bankinka tukuna, sannan ka je ofishin layinka da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, su dawo maka da layin.

Ɗan Fagge: Alhaji, kwalin wayar na nan? Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, na jikinsa, 'yan sanda za su nema.

Baban Ilham: Wane kwali? Tuni yara suka yi motar wasa da shi.